Kukan Jama'a Hajar 'Yan Jarida

Ran 17 ga watan Oktoba, 2014, Babban Hafsan Tsaron Nijeriya na wancan lokaci, Alex Badeh, ya ba da sanarwa cewa Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniyar tsagaita wuta da 'yan Boko Haram. Kashegari manyan jaridun ƙasa suka buga labarin a shafin farko da manyan baƙaƙe, gidajen rediyon ƙasashen waje kuma suka yi ta maimaita shi safe da yamma, har da ƙarin cewa 'yan matan Chibok sun kusa komowa gida. Kwana 12 bayan haka, watau ran 29 ga wata, mayaƙan suka shiga Mubi, suka kuma kama Vimtim, mahaifar shi mai sanarwar. Suka sake wa Mubi suna, suka kira ta Madinatul Islam. Jama'a suka bazama, waɗansu suka bi ta duwatsu zuwa Kamaru, waɗansu suka nufi Yola a ƙasa. Sai wajen tsakiyar Nuwamba soja da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin.

Cikin waɗannan 'yan makwanni sunan Mubi ya zaga duniya fiye da yadda ya taɓa yi tun 1961, shekarar da aka yi ƙuri'ar raba gardama, ƙasar ta zaɓi zama cikin Nijeriya, aka mai da garin hedkwatar Lardin Sardauna. Manema labarai suka yi ta zuwa sansanonin 'yan gudun hijira a Yola, suna tambayar wanda ya rasa ɗa yadda ya ji, suna ɗaukar hoton matar da ta fi kowa rama. Da labarin ya yi sanyi suka naɗe kayansu, suka bi wani sabo. Mutanen Mubi suka koma suka tarar da kantunansu a fashe, da bankuna a rufe, babu wanda ya biyo su ya tambaya yadda suka kwana. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar malami ya koya masa yadda kukan mutum ke zama haja, saboda haka akwai wani ɗan ƙaramin littafi na Amurka da mutumin Mubi zai fi gane shi yau, fiye da yadda mutanen New York suka gane shi sa'ad da ya fito.

Sunan littafin Miss Lonelyhearts, ma'anarsa kusan a ce Baiwar Allah Mai Share Hawayen Masu Kaɗaici. Wanda ya rubuta shi ana ce masa Nathanael West, an haife shi a New York cikin 1903, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin Rasha a lokacin. Sunansa na yanka Nathan Weinstein, daga baya ya sake. Bai taɓa zama babban ma'aikacin jarida ba. Aikinsa kula da otal ne, yana kwana a teburin karɓar baƙi, yana kuma barin marubuta matalauta 'yan'uwansa su kwana ba su biya ba. A wannan aiki ya ga irin mutanen da babban birni ke tarawa, masu zaman ɗaki su kaɗai, ba dangin iya ba na baba.

Asalin littafin kuwa shi kansa abin lura ne. Cikin 1929 wani abokinsa, S. J. Perelman, marubucin ban dariya wanda daga baya ya auri ƙanwar West, ya tafi da shi wajen wata mai rubuta shafin ba da shawara a wata jaridar Brooklyn. Matar ta kawo musu wasiƙun da masu karatu ke aiko mata, da nufin ko Perelman ya sami abin yin barkwanci a ciki. Perelman ya duba ya ga babu abin dariya, ya ajiye. West ya kwashe su ya tafi da su gida, ya yi wajen shekara 4 yana fama da su, yana rubutawa yana gogewa, har ya fitar da ɗan ƙaramin littafi. A watan Afrilu na 1933 aka buga shi, lokacin da karayar tattalin arziki ta kai matuƙa a Amurka, mutum ɗaya cikin kowane huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi.

Ga yadda labarin yake. Wani saurayi ne ɗan jarida, ɗan wani limamin coci, aka ba shi shafin amsa wasiƙun masu damuwa, aka laƙaba masa sunan mace domin mata su saki jiki su rubuto. Daga farkon littafin har ƙarshensa ba a faɗi sunansa na gaskiya ba, da wannan sunan na mace ake kiransa. Shi da abokan aikinsa duk sun san shafin dabara ce kawai ta ƙara cinikin jarida, wasa suka ɗauke shi. To, amma wasiƙu suka yi ta zuwa kullum, cikin rubutun mutanen da karatunsu bai yi nisa ba. Ga matar da ta haifi 'ya'ya 7 cikin shekara 12, ciwo ya cinye ta, ga wani cikin kuma. Ga yarinya 'yar shekara 16 da aka haifa ba hanci, tana son ta yi ado a so ta kamar sauran 'yan mata, tana tambaya wane laifi ta yi, ko kuwa ta kashe kanta ta huta. Ga yaron da wani ya lalata ƙanwarsa kurma, yana tsoron gaya wa uwarsu don kada ta doke ta. Sannu a hankali saurayin ya gane cewa waɗannan mutane da gaske suke, kuma da gaske suke jiran amsa, shi kuwa ba shi da abin ba su sai zaƙin baki. Daga nan wasa ya zama ciwo.

Editansa sunansa Shrike. Marubucin bai zaɓi sunan a banza ba, domin sunan wani tsuntsu ne dangin suda, wanda ke kama ƙwari da 'yan ƙananan dabbobi ya tsire su a jikin ƙaya, ya dawo ya ci a hankali. Hausawa kuwa sun san suda da yawan surutu, kuma haka editan yake. Ba ya buɗe baki sai ya yi ba'a. Duk abin da saurayin ya kama don ya sami natsuwa, ko addini, ko zaman ƙauye, ko karatun littattafai, ko holewa, sai Shrike ya tsara masa shi cikin daddaɗan lafazi, sa'an nan ya fasa shi a gabansa kamar ƙwai. Galibin dariyar da ke cikin littafin daga bakin wannan mutum take fitowa, ita ce kuwa irin dariyar da mutum zai yi, ya waiwaya ya ga ko an ji shi.

Saurayin ya shiga shan giya a gidajen ɓoye, da yake a lokacin an hana sayar da ita a Amurka. Budurwarsa Betty ta kai shi gona don ya sha iska, bai warke ba. Wata mai rubuto wasiƙa, Fay Doyle, ta neme shi su gana, ya je, aka yi abin da bai kamata ba. Daga baya ya haɗu da mijinta, Peter Doyle, gurgu mai yawon duba mitar gas gida gida, yana jan ƙafa yana hawa da sauka, shi ma ga tasa wasiƙar a aljihu. A ƙarshe zazzaɓi ya kama saurayin, ya ga kamar an yi masa wahayi, an aiko shi ya warkar da gurgun. Ya hango Doyle yana hawowa matakala, ya sheƙa da gudu don ya rungume shi. Ashe Doyle bindiga ya zo da ita, a nannaɗe cikin jarida. Cikin kokawa bindiga ta tashi, su biyu suka gangara. Iyakar labarin ke nan. A nannaɗe cikin jarida fa.

To, yaya masu karatu suka karɓe shi? Da fari dai ba su ma same shi ba. Masana adabi kamar Edmund Wilson sun yaba masa, mutane suka fara tambayarsa a kantuna, sai kamfanin Liveright da ya buga shi ya karye 'yan makwanni bayan fitowarsa. Mai maɗaba'a ya riƙe mafi yawan kwafin, ya ce ba ya saki sai an biya shi. Kafin wani kamfani ya karɓa ya sake fitarwa, kasuwa ta riga ta watse, abin da aka sayar bai kai kwafi 800 ba. Waɗanda suka karanta kuma suka rabu. Waɗansu suka ce ƙazanta ce da saɓo, tun da an haɗa sunan Almasihu da zancen mashaya. Waɗansu suka ce a lokacin da miliyoyin mutane ke layin karɓar abinci, abin da ake bukata littafi ne mai nuna wa talaka hanyar ƙwatar haƙƙinsa, wannan kuwa ya nuna ciwo ya ƙi faɗin magani. West da kansa ya koka a wata wasiƙa cikin 1939, cewa jaridun masu ra'ayin talakawa, waɗanda yake ganin shi nasu ne, ba sa son rubutunsa, manyan masana suna ganin yana kauce wa manyan al'amura, masu sharhi a jaridun yau da kullum kuma suna ganin ya cika tsaurin ido. Ya zama jemage, tsuntsaye sun ƙi shi, dabbobi sun ƙi shi.

Amsar da ta fi kowace ban mamaki daga Hollywood ta fito. Wani kamfanin fim ya sayi littafin dala 4,000, kafin shekara ta ƙare ya fitar da fim mai suna Advice to the Lovelorn. Aka cire yarinya marar hanci, aka cire gurgu da bindigarsa, aka bar ɗan jarida mai wayo da raha, labari ya ƙare lafiya lau. Watau littafin da aka rubuta don a nuna yadda masu sayar da labari ke mai da baƙin cikin mutane abin nishaɗi, shi ne masu sayar da labari suka saya suka mai da shi abin nishaɗi. Da West ya sa wannan cikin littafinsa da an ce ya yi ƙari. Shi ma daga bisani can Hollywood ɗin ya koma neman abinci, yana rubuta ƙananan finafinai, ya kuma rubuta wani littafi a kan masu cincirindo a birnin, The Day of the Locust, cikin 1939. Shi ma bai kai kwafi 1,500 ba.

Sai cikin 1957, shekara 17 bayan mutuwarsa, aka tara littattafansa huɗu aka buga a haɗe, sa'an nan Amurkawa suka farga. A lokacin talabijin ya shiga gidaje, mutane sun fara ganin shirye-shiryen da ake kawo matalauta su faɗi wahalarsu a gaban jama'a, a ba wadda ta fi ban tausayi kyauta. Abin da aka ce ƙari ne cikin 1933 ya zama abin da ake kallo bayan cin abincin rana. A shekarar aka mai da Miss Lonelyhearts wasan kwaikwayo a New York, cikin 1958 aka sake yin fim ɗinsa, ya kuma shiga jerin littattafan da ake koyarwa a jami'o'i. Littafin bai sake ba ko da baƙi ɗaya, masu karatu ne duniya ta koya wa karatu.

Duk da haka ba kowa ya sallama ba. Mawaƙin nan na Ingila, W. H. Auden, ya rubuta sharhi a kansa, ya kawo suka iri biyu masu nauyi. Na farko, ya ce a zahiri masu amsa wasiƙu a jarida ba haka suke ba, shawara mai amfani suke bayarwa gwargwadon iyawarsu, edita irin Shrike kuma, mai wuni yana gaya wa ma'aikatansa aikinsu banza ne, ba zai daɗe a kujerarsa ba. Na biyu, ya ce West bai cika marubucin zambo ba, domin zambo yana bukatar ma'auni, sai an san daidai sa'an nan a yi wa karkatacce dariya, a duniyar West kuwa babu wani mai lafiya da za a gwada marasa lafiya da shi.

Wannan suka ta biyu ita ce Bahaushe zai fi saurin kamawa, domin shi ma yana da nasa zambon, ya kuma san ƙa'idarsa. Abin sha'awa, a shekarar da littafin West ya fito, 1933, a ita ce Rupert East ya shirya gasar rubuta littattafan Hausa wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, aka buga shi cikin 1934. Shi ma cike yake da ba'a, da mugun wasa tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, da tonon asirin malaman tsibbu da alƙalai da masu ruɗin jama'a. Amma mai karanta shi yana dariya hankalinsa kwance, don ya san yadda malamin kirki yake, ya san kuma Alhaji zai komo Kwantagora da ruwan, ɗan sarki ya warke, a wanke wanda aka kunyata. Haka zambon makaɗa yake, ana zage wani ne don a ɗaga wani. Haka wasan tashe, yara su kwaikwayi mai rowa ko tuzuru, gari ya yi dariya, domin gari ya yarda rowa aibu ce. Ko habaici yana da mai shi, in ya ji ya gyara shi ke nan. Zambon West ba shi da ubangida, ba shi da ruwan da za a ɗebo, mai karatu ma bai tsira ba, tun da shi ne mai sayen jaridar.

Saboda haka da za a fassara littafin da Hausa, a karanta shi a wata majalisa ta dattawa a Mubi, abu na farko da za a ji shi ne tsaki. Za a ce wannan ciwon Turawa ne. Yarinyar da aka haifa da nakasa a nan tana da goggo, tana da inna, akwai liman, akwai mai unguwa, ba za ta kai kukanta ga baƙon da ba ta taɓa gani ba. Za a ce kuma shi saurayin ya ɗora wa kansa kayan da ba nasa ba, ya nemi ya zama mai yaye wa bayi damuwa, alhali kuwa wannan ba aikin ɗan Adam ba ne, kuma wanda bai yarda da ƙaddara ba dole wasiƙa 30 a rana su haukata shi. Maganar tana da ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne.

Rabi ne kawai, domin goggo da mai unguwa suna nan ne muddin gari yana nan. Ran da gari ya watse, kamar yadda Mubi ta watse cikin 2014, liman da mamu duk 'yan gudun hijira ne, kowa ta kansa yake yi. A ranar mutum zai ga kansa a gaban baƙo mai riƙe da na'urar ɗaukar magana, yana zayyana masa abin da ko ɗan'uwansa bai gaya wa ba, da fatan ko wani a wata ƙasa zai ji ya taimaka. Wannan shi ne ainihin halin masu rubuta wasiƙu cikin littafin. Ko ba yaƙi ma, zamani ya kawo abin har gida. Shirye-shiryen rediyo na kai kuka, irin su Inda Ranka na gidan rediyon Freedom a Kano, sun sami karɓuwa ne saboda akwai dubban mutane da suka rasa inda za su kai ƙara, kuma ba a musun cewa an share wa da yawa hawaye ta wannan hanya. A Facebook kuwa kullum sai an ga hoton majinyaci a kwance, an buɗe ciwonsa duniya na kallo, ga lambar asusun banki a ƙasa. Wani ya samu a biya masa kuɗin asibiti. Mai shafin kuma ya samu mabiya, su kuwa mabiya kuɗi ne. Ba a iya raba taimakon da cinikin, a ƙwarya ɗaya aka dama su, abin da ya haukata saurayin West ke nan.

Akwai kuma wani irin mai karatu wanda ba ya tsaki, ba ya dariya, sai ya ɗauki zambo a kan shaida. Nijeriya ta san irinsa. A watan Janairu na 1966 Chinua Achebe ya fitar da A Man of the People, labarin ba'a a kan wani minista maciyin amana a wata ƙasar Afirka da ba a faɗi sunanta ba, ya rufe shi da juyin mulkin soja. Fitowarsa ta zo daidai da juyin mulkin ran 15 ga Janairu, wanda aka kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikinsa, Allah ya jiƙansu. Sai waɗansu suka ce ai lalle marubucin ya san da shirin, har soja suka je nemansa a gidan rediyon tarayya a Ikko inda yake aiki, ya kwashe iyalinsa ya gudu. Alhali kuwa littafi ba ya fita daga maɗaba'a cikin kwana biyu, an gama shi tun da daɗewa. Mutumin ya dubi inda rafi ya nufa ne kawai ya faɗi inda zai faɗa. A Hausa ma an yi littattafan tonon asiri masu ɗaci, kamar Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito cikin 1982 yana fallasa 'yan fasa-ƙwauri da ma'aikatan da ke cin abinci a hannunsu. Mutumin garin kan iyaka irin Mubi ba ya bukatar a yi masa fashin baƙinsa.

Saura su 'yan jaridar, waɗanda aka yi zambon dominsu. A Mubi akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai Jami'ar Jihar Adamawa, matasa suna koyon aikin jarida, kuma littafin ya fi dacewa da su fiye da kowa, ko da yake zai ɓata musu rai. Duk ɗakin labarai yana da Shrike nasa. Shi ne wanda in an kawo labarin hatsarin mota zai tambaya mutum nawa, in an ce uku ya ce a kai shafi na bakwai. Ba lalle mugu ne ba, sau da yawa tsohon mai tausayi ne da ya ga gawa ta yi masa yawa, ya sa ba'a ta zama masa garkuwa. Duk ɗakin labarai kuma yana da sabon yaro mai ɗaukar kowane labari ya kai shi gida ya kwana da shi, wanda in bai yi hankali ba cikin shekara biyu ko ya bar aikin ko ya zama Shrike. A nan Auden ya yi kuskure da ya ce irin wannan edita ba ya daɗewa. Ya daɗe ƙwarai, sai dai ba ya yin dogon jawabi kamar na littafi, da kalma biyu yake gamawa.

Inda Auden ya yi daidai shi ne akwai mutum na uku da West bai sa cikin littafinsa ba, kuma tarihin Mubi ya nuna inda ake bukatarsa. Daren 1 ga Oktoba, 2012, 'yan bindiga suka shiga unguwar Wuro Patuji inda ɗalibai ke haya, suna kiran suna suna kashewa. 'Yan sanda suka ce mutum 25, waɗansu rahotanni suka ce sun haura 40. Ran 21 ga Nuwamba, 2017, bom ya tashi a masallaci ana sallar asuba, aka ce aƙalla 50. Ran 1 ga Mayu, 2018, bom biyu suka tashi, ɗaya a masallaci ɗaya a kasuwar da ke kusa, hukuma ta ce wajen mutum 30. Sai wani wakilin kamfanin dillancin labaran Faransa ya yi abin da ba a saba yi ba, ya tambayi masu haƙa kabari, su kuwa suka ce sun binne 86. Tsakanin 30 da 86 akwai mutum 56, kowanne da sunansa da uwarsa. Wanda ya yi wannan tambaya bai rungumi kowa a matakala ba, bai kuma yi ba'a ba. Ya nemi wanda ya riƙe shebur ne ya tambaye shi, aikin ke nan, kuma ba ya bukatar wahayi.

Amma kada a ɗauka wannan ya rushe zancen West, domin ko an ƙidaya daidai, kasuwa ce ke yanke wanda za a ji. A farkon Janairu na 2015 aka kashe mutum 17 a birnin Paris cikin kwana uku, shugabannin ƙasashe fiye da 40 suka hallara suka yi jerin gwano. A makon nan ne aka auka wa Baga ta Jihar Borno, soja suka ce mutum 150, waɗansu suka ce har 2,000, duniya ba ta ko juyo sosai ba, manyan ƙasar nan ma waɗansunsu sun riga yi wa Faransa ta'aziyya. Ba a ce ran Bafaranshe ba rai ba ne. Abin da ake cewa shi ne kuka ma yana da farashi, kuma ba mai kukan ke sa shi ba.

Shi kansa West bai tsira daga wannan kasuwa ba. A watan Afrilu na 1940 ya yi aure, al'amuransa suka fara kyau, ya soma samun kuɗi a aikin fim. Ran 22 ga Disamba na shekarar yana komowa daga farauta a Meksiko tare da matarsa Eileen, ya wuce wata mararraba kusa da garin El Centro na Kalifoniya bai tsaya ba, suka yi karo da wata mota, su biyu suka mutu. Shekararsa 37. Kwana ɗaya kafin haka abokinsa F. Scott Fitzgerald ya rasu a Hollywood, shi kuwa ya fi shi suna nesa ba kusa ba, saboda haka jaridun makon suka ba Fitzgerald manyan shafuka, labarin West ya sami ɗan gurbi a ciki. Waɗanda suka ambace shi ma da yawa saboda matar ne, domin 'yar'uwarta ta rubuta wani sanannen littafi a kanta, an mai da shi wasan kwaikwayo, za a buɗe shi a New York bayan kwana huɗu.